Daga kafe zuwa kanta: inda mata ke zubewa a hanyar aikin ɗan sanda

Sashe na 9 na Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015 ya ce idan ya zama tilas a caje jikin wanda ake zargi, a yi shi cikin mutunci, namiji ya caje namiji, mace ta caje mace, sai dai in gaggawa ta hana. Sashe na 12 ya zo da abin da ya fi shafar gidajenmu: idan wanda ake nema ya faɗa gidan da matar kulle take, sai an sanar da ita, an ba ta damar kaucewa, kafin a kutsa. Jihohi ma sun yi nasu dokokin a kan wannan tsari. Wato doka ta ɗauka cewa duk inda aka buɗe caji ofis akwai 'yar sanda a kusa. To a leƙa ofishin 'yan sanda na ƙaramar hukumar da ke nesa da babban birnin jiha, da ƙarfe goma na dare, a tambayi mata nawa ke bakin aiki. Sau tari babu ko ɗaya. In aka kawo mace da ake zargi, ko a aika a taso wadda ta tashi aiki tun yamma, ko a roƙi wata mata a maƙwabta ta zo ta duba ta, ko a fake da waccan gaggawar da doka ta bari, namiji ya yi.

Takardar manufar daidaiton jinsi da rundunar ta fitar a 2010 ta nuna mata kashi 12.4 ne cikin 100 na 'yan sandan Najeriya. A cikin manyan jami'ai, daga mai anini ɗaya zuwa sama, kashi 5 ne kacal. Alƙaluman da suka biyo baya ba su yi nisa da ɗaya cikin goma ba, alhali manufar jinsi ta ƙasa ta 2006 kashi 35 take magana. Ɗan abin da ake da shi ɗin ma ba a rabe yake daidai ba. Ya taru a hedikwatocin jihohi da manyan birane, a ofisoshin rubutu, da asibitin 'yan sanda, da kan titi wajen ba da hannu.

Da an ɗauko maganar sai a ce iyaye da mazaje ne ke hanawa, shi ke nan a rufe. Akwai gaskiya a ciki. Amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. An haɗa rundunar Arewa da ta Kudu ta zama ɗaya a 1930, ba a ɗauki mace ba sai 1955, bayan matan Legas ƙarƙashin jagorancin Oyinkan Abayomi sun yi ta nema tun wajen 1944. A Arewa kuwa, har zuwa ƙarshen shekarun 1960 yawancin aikin yana hannun 'yan dokan En'e, maza zalla. Da saurayi marar iyali aka auna kowane mataki na aikin, daga baya aka ce mace ta zo ta gwada. Wanda ya bi matakan ɗaya bayan ɗaya zai ga daidai inda take faɗuwa.

Tun daga takardu

Sharuɗɗan da Hukumar Kula da Aikin 'Yan Sanda ke fitarwa don ɗaukar kurata ba su cika canzawa ba. Shekara 18 zuwa 25 ga masu aikin gama-gari, zuwa 28 ga masu sana'a irin su direbobi da makanikai. Kiredit biyar a WAEC ko NECO ko NABTEB, har da Turanci da Lissafi, a zaman da bai wuce biyu ba. Lambar NIN. Tsawo mita 1.67 ga namiji, 1.64 ga mace. Faɗin ƙirji santimita 86, wannan na maza ne kaɗai. Mace kuma kada ta kasance da juna biyu. Cike fom kyauta ne, duk wanda ya ce a kawo kuɗin gurbi ɗan damfara ne, ko da kuwa kaki ne a jikinsa.

A ɗora waɗannan a kan halin da muke ciki. Binciken lafiya da ƙidayar jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna fiye da rabin matan Arewa maso Yamma masu shekara 15 zuwa 49 ba su yi karatun boko ba sam, kuma rabin matan yankin an yi musu aure kafin su wuce shekara 16. Saboda haka kafin a buɗe shafin cike fom ma, 'yan matan da suka haɗa kiredit biyar, suna tsakanin 18 da 25, ba ciki ba goyo, sun riga sun zama 'yan kaɗan. Waɗannan 'yan kaɗan ɗin su ne makarantar jinya da ta ungozoma da kwalejin ilimi suke zawarci, kuma a idon uba kowace daga cikinsu ta fi bariki.

Wadda ta cika sharuɗɗan, abin da ya fi kayar da ita shi ne suna. A takardar firamare Hauwa'u, a WAEC Hauwa, a NIN Hawwa. A wata takardar sunan mahaifi ne a ƙarshe, a wata sunan kaka, a wata sunan gari, wadda ta taɓa aure kuma wani lokaci an saka na miji. Ranar haihuwa ma haka: malamin firamare ya rubuta tasa, mai rajistar NIN ya rubuta tasa. Ranar tantancewa jami'i yana da ɗaruruwan mutane a layi, ba zai tsaya sauraron bayani ba. Gyaran kuwa ba na kwana biyu ba ne. Sai an yi takardar rantsuwa a kotu, a wasu lokutan a buga a jarida, sannan a je ofishin NIMC a gyara bayanai a jira su fito a na'ura. Wadda ke da niyya ta fara wannan tun kafin a yi sanarwa. Takardar zama 'yar asalin ƙaramar hukuma ta mahaifi ake so, domin da ita ake rabon gurabe. Kuma kada a bar mai kafe ya saka lambar wayarsa da imel ɗinsa a fom. Ta nan gayyata ke zuwa, kuma yarinyar da ba ta fita kullum ita ce ta ƙarshen jin labari.

Sai fom ɗin masu tsaya mata. Ana son sa hannun mutane irin su basarake, ko majistare, ko shugaban ƙaramar hukuma, ko ma'aikacin gwamnati daga mataki na 12 zuwa sama, ko babban jami'in ɗan sanda ko soja. Saurayi zai hau babur ya yi ta zarya har ya samu. Budurwa ba za ta je ƙofar hakimi ita kaɗai ba, sai uba ko yaya ya kai ta. Idan gidan ba su yi na'am da aikin ba, a nan maganar ke mutuwa ba tare da kowa ya furta kalmar hani ba.

Santimita uku da gajeren wando

Maganar tsawo ta cancanci a tsaya a kanta, don ba kasafai ake lura da ita ba. Tsakanin ma'aunin namiji da na mace santimita 3 ne kawai. A halitta kuwa, bambancin matsakaicin tsawon maza da na mata ya haura santimita 10 a kusan ko'ina a duniya. Matsakaicin tsawon matan Najeriya bai kai santimita 160 ba. Ma'anarsa, 1.67 yana barin maza masu yawa su wuce, 1.64 kuwa yana tare mafi yawan mata, komai lafiyarsu da ƙarfinsu da kaifin kansu. A Arewa maso Yamma abin ya fi tsanani, domin wancan binciken na 2018 ya samu kashi 57 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar da tsumburewa saboda ƙarancin abinci mai gina jiki. Yarinyar da ta tsumbure tana shekara biyu, sandar awo za ta hukunta ta tana shekara ashirin. Ban ga abin da santimita huɗu ke ƙarawa ga mai ɗaukar bayanin yarinyar da aka yi wa fyaɗe ba, ko mai bin sawun kuɗin da aka sace ta waya. In ƙarfin jiki ake so a gwada, a gwada shi kai tsaye da gudu da ɗaukar nauyi.

Ana kuma duba gwame, da ƙafar baka, da shimfiɗaɗɗen tafin ƙafa, da harara-garke, da in'ina, da zane a jiki. A nan akwai wani ƙaramin abu da ke jawo babbar asara: lalle. Baƙin zanen fure a hannu yana iya jawo gardama da mai dubawa, jan lalle mai kauri a yatsu kuma yana hana na'ura karanta zanen yatsa. Hukumar JAMB da kanta ta sha gargaɗin ɗalibai a kan haka, kuma ita ce ta saba shirya jarrabawar kwamfuta ta masu neman ɗan sanda. Ko bikin wa ake yi a gida, a haƙura da ƙunshi makonni kafin ranar.

Sanarwar tantancewa kan ce a zo da farar riga mai gajeren hannu, da farin gajeren wando, da farin kambas, da fararen fayil biyu ɗauke da takardu da hotunan fasfo. Ga saurayi wannan ba komai ba ne. Ga yarinyar da tun tana aji uku na firamare ba ta fita ba hijabi, tsayawa a fili da gajeren wando, a Bompai ta Kano ko wata hedikwatar jiha, cikin dubban samari da masu kallo, shi ne babban shinge a duk tafiyar. Da yawa tun a gida suke karanta wannan layin su ajiye takardar, kuma babu alƙaluman da za su nuna su, tun da ba su zo ba balle a ce an cire su. Abin da mai dubawa ke son gani shi ne gwiwa da ƙafa. Ana iya ganin su a cikin ɗaki, jami'a mace ta duba, a bar yarinya ta tsaya a layi da dogon farin wando da ɗan kwali. Layi ɗaya ne za a ƙara a sanarwa, ba ya cin ko sisin kwabo.

Jarrabawar kwamfuta ba ta da tsanani: Turanci, Lissafi da sanin al'amuran yau da kullum. Wadda ba ta taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba ita ce ke ɓata rabin lokacinta tana neman inda za ta danna. Zama biyu ko uku na gwaji a cibiyar da ake rubuta JAMB yana maganin wannan. Daga nan sai gwajin lafiya: ido, hawan jini, jini, ƙwayoyi, da gwajin ciki.

Sai kuma jira, wanda shi ma tankaɗe ne. A ɗaukar da aka buɗe a Oktoban 2023, an yi tantancewa a Janairun 2024, jarrabawa a Maris, sunaye suka fito a Yuni, sai rundunar da Hukumar suka shiga sa-in-sa a kan jerin sunayen, duk da Kotun Ƙoli ta riga ta yanke tun Yulin 2023 cewa ɗaukar kurata haƙƙin Hukumar ne. Ba a shiga horo ba sai Agusta. Wata goma ke nan, a ƙara da wajen wata shida na horo. Saurayi zai ci gaba da acaɓarsa ko zaman shagonsa yana jira. Budurwa mai shekara 22 da aka kawo kuɗin gaisuwarta, ba gidan da zai ɗage biki shekara ɗaya da rabi saboda aikin da ba a tabbatar ba. In an yi auren, ciki ya zo, sharaɗi ya fitar da ita. Kafin ta yaye, shekara 25 ta wuce.

Makarantun horon ma suna da nasu. Kwalejojin Ikeja, Kaduna, Maiduguri da Oji River tsofaffin gine-gine ne da aka yi domin maza. A Janairun 2013, bayan wani gidan talabijin ya nuna halin da ɗakunan kwanan kwalejin Ikeja ke ciki, Shugaba Goodluck Jonathan da kansa ya kai ziyarar ba-zata. Yawan gadajen ɓangaren mata da banɗakunansu shi ke ƙayyade mata nawa makaranta za ta iya karɓa, ko me aka rubuta a takardar manufa.

Ƙa'idojin 1968

Wadda ta tsallake duk wannan, shekara da shekaru abin da ke jiran ta shi ne ƙa'idojin aikin ɗan sanda na 1968. Ƙa'ida ta 118 ta ce mai shiga ta kasance ba ta da aure. Ta 121 da ta 122 sun jera aikinta: binciken laifukan lalata da mata da yara, ɗaukar bayanin mata, caje su da raka su da gadin su, tsallakar da 'yan makaranta titi, aikin rubutu, amsa waya. Ta 123 ta ce ba za a sa ta fareti da bindiga ba, ko atisayen kulki da kwantar da tarzoma. Ta 124 ta ce in tana son aure sai ta rubuta wa kwamishina, ta faɗi sunan mijin da adireshinsa da sana'arsa, a bincika halinsa, kuma sai ta yi shekara uku a aiki. Ta 125 ta ce aure ba zai sa a yi mata wani sassauci ba wajen canjin wurin aiki. Ta 127 ta ce wadda ta yi ciki ba aure a sallame ta. Ta 128 ta shiga har hoda da jan baki da ɗan kunne.

Kotuna ne suka riƙa rushe su ɗaya bayan ɗaya. A 2012 Babbar Kotun Tarayya a Legas ta soke ta 124. A Janairun 2021 aka kori wata kofur a jihar Ekiti da ƙa'ida ta 127, duk da cewa sabuwar Dokar 'Yan Sanda da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Satumbar 2020 ta riga ta fara aiki. Kotun Ma'aikata a Akure ta ce a Janairun 2023 wariya ce, ta ba ta diyyar naira miliyan 5. A ƙarar da Ƙungiyar Lauyoyi ta shigar a kan wannan ƙa'idar, kotun farko a Abuja ta goyi bayan rundunar a 2022, sai Kotun Ɗaukaka Ƙara ta juya hukuncin a Mayun 2024. Na san mai karatu a nan zai ce ciki ba aure ai abin kunya ne, kuma ba wanda ya ce ba haka ba. Tambayar da ke gaban kotu daban ce: ɗan sanda namijin da ya yi wa wata ciki ba aure, wace ƙa'ida ce ta kore shi? Babu. Sashe na 42 na tsarin mulki kuwa ya hana a hukunta wani jinsi a kan abin da aka ƙyale ɗayan.

A ganina, wadda ta fi yin ɓarna a cikinsu ba a cika ambaton ta ba, wato ta 123. Yau ana horar da mata da bindiga, suna cikin 'yan kwantar da tarzoma, suna zuwa aikin wanzar da zaman lafiya a ƙasashen waje. Amma ɗabi'ar da ƙa'idar ta shuka tana nan. DPO ya samu sabbin kurata, maza ya tura sintiri da sashen bincike, macen ya ajiye ta a kanta, wato teburin karɓar ƙara, ko ta zama mai buga takardu a ofishinsa. Yana ganin taimakon ta ya yi. Bayan shekara goma aka zo neman wanda za a ba jagorancin sashen binciken laifuka, fayil ɗinta babu shari'ar da ta kai kotu, sai a ce ba ta da gogewa.

A Maris na 2022 Sufeto Janar Usman Alkali Baba ya amince mata su sa ɗan kwali a ƙarƙashin hula da ƙaramin ɗan kunne. An yi ta cacar baki a kai, musamman a Kudu. A wajenmu sauyi ne mai amfani, sai dai iyaye da yawa har yau ba su san an yi shi ba, domin ba a saka shi a sanarwar ɗaukar aiki, inda ya fi kamata a gan shi.

Masu cewa mace Bahaushiya ba za ta sa kaki ba, su dubi Hisbah ta Kano, wadda aka kafa da doka a 2003. Tana da sashen mata, suna shiga gidaje, suna sasanta rikicin aure, suna raka waɗanda aka kama. Uban da zai hana 'yarsa ɗan sanda yakan bar ta ta shiga Hisbah, kuma dalilansa a fili suke: suturar ta yi masa, aikin a garinsu yake, da dare tana gida, kuma unguwa ba za ta yi da ita ba. Ma'aikatan jinya ma suna kwanan aiki, an saba, don asibiti yana da ɗakin da za su zauna. Biyu na farko a cikin dalilan nan suna hannun rundunar. Na ƙarshe kuwa sunan aikin ne ya jawo shi, na-goro a bakin titi da kuɗin belin da aka rubuta a bango cewa kyauta ne, kuma wannan ba laifin mata ba ne.

Bayan an sa kaki

Sigina ita ce babbar fargabar 'yar sanda mai iyali. Takarda ta fito, an mayar da ita wata jiha, ta kama aiki cikin kwanaki. Namiji zai bar iyali ya tafi ya raɓa a ɗakin aboki. Ita da goyo da 'yan makaranta, mijinta kuma yana da kasuwarsa, ina za ta sa kanta? Tsarin da aka bi a 'yan shekarun nan na mayar da sabbin kurata ƙananan hukumominsu ya rage wannan, kuma shi ne abin da ya fi dacewa a faɗa wa iyaye. Sai dai ba alƙawari ba ne na dindindin.

Hutun haihuwa na ma'aikatan tarayya 'yan watanni ne. Bayansa sai aikin awa goma sha biyu, wani lokaci fiye, a ofishin da yawanci banɗakinsa ɗaya ne, ba ɗakin canza kaya, ba inda za a kwantar da jariri. Abin lura, rundunar ta daɗe da ƙungiyar matan 'yan sanda, POWA, mai makarantu da shaguna, wadda uwargidan Sufeto Janar ke jagoranta. An fi tanadar wa matar ɗan sanda wuri fiye da macen da ita ce ɗan sandan.

Cin zarafi kuma yana da wuyar kai ƙara saboda yadda aikin yake. Wanda ke rubuta jadawalin aiki, da wanda ke cike fom ɗin auna ƙwazo na shekara, da wanda ƙorafi zai bi ta teburinsa kafin ya hau sama, sau da yawa mutum ɗaya ne. Tsallake shi laifi ne na rashin ɗa'a. Wadda ta ƙi ba da kai ba sai an yi mata barazana ba, jadawali kawai zai nuna mata: dare bayan dare, ko shingen da ya fi nisa. Muddin ƙorafi ba shi da hanyar da ba ta bi ta kan shugaban ofis ba, ba za a ga ƙorafi ba, sai a ce babu matsala.

Wa ke biyan kuɗin duk wannan? Uwar da ta riƙo hannun 'yarta mai shekara tara ta zo kanta. In namiji ta tarar, ga mutane a benci, ga waɗanda ke bayan kanta suna ji, ya ce ta faɗi abin da ya faru da ƙarfi don ya rubuta, za ta ce ba komai, ta juya. Daga nan sai gidan mai unguwa, sai a rufa asiri. A irin wannan shari'a kuwa awanni ne ke aiki. Maganin kariya daga ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72. Maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa ba ya wuce awa 120. Kayan da ke jikin yarinya ba a wanke su, a takarda ake naɗe su ba a leda ba, don leda tana riƙe danshi ta lalata shaida. Cibiyoyi irin su Waraka a Kano, Salama a Kaduna da Nana Khadija a Sakkwato suna yin gwaji da magani, amma sai an samu wanda zai ce wa uwar ta tafi yanzu, ba gobe ba. Jami'ar da ta ja su gefe ta saurare su ita ce ke sa a kai ga wannan. Zamanta mace kaɗai bai isa ba, akwai 'yan sanda mata da suka fi maza tsawa da zargin wadda aka zalunta. Sai an horar da ita, an bar ta a teburin shekaru, ba a ɗauke ta ana tsakiyar shari'a ba, domin mai bincike in ya tafi, fayil ya kwanta.

An ga irin wannan giɓin ta wata fuskar tun Yunin 2014, lokacin da mace ta fara tayar da bam a Gombe, sannan aka jera wasu a Kano a Yulin shekarar. Ƙofofin kasuwa da tasha da makarantu suka buƙaci masu caje mata, babu isassun 'yan sanda mata, aka koma kan 'yan sa-kai da 'yan agaji.

Idan aka ɗauki kurata 10,000 aka raba wa ƙananan hukumomi 774, kowace ba ta wuce mutum 12 ko 13 ba. Da za a ware uku a kowace ga mata, a rubuta haka a sanarwa, Kano mai ƙananan hukumomi 44 za ta samu 132 a ɗauka ɗaya, Katsina mai 34 ta samu 102, Jigawa mai 27 ta samu 81. A mayar da su garuruwansu, cikin ɗauka biyu ko uku kowane babban ofis zai iya samun mace a kowane zubin aiki. Gurbin da ba a samu mace ba a ɗage shi zuwa ɗauka ta gaba, kada a cike shi da namiji a ranar, in ba haka ba kullum za a ce ba su zo ba.

Wannan na ƙasa ke nan. Na sama lissafinsa daban ne. Cecilia Ugowe ce macen farko da ta kai kwamishina har ta kai mataimakiyar Sufeto Janar. Ba a ba mace riƙon rundunar jiha ba sai 2005, lokacin da aka tura Ivy Okoronkwo Ekiti, shekara 50 bayan ɗaukar farko. Farida Waziri ta fara daga ƙasa a 1965, ta kai AIG, muƙamin da ke sama da kwamishina, daga baya ta shugabanci EFCC daga 2008 zuwa 2011. Mace ba ta taɓa zama Sufeto Janar ba. A duba waɗanda suka riƙe kujerar: Mohammed Adamu ya shiga a 1986 ya hau a 2019, Usman Alkali Baba 1988 da 2021, Kayode Egbetokun 1990 da 2023. Kowannensu da anini ya fara, kowanne shekara 33 ya yi kafin ya kai, aikin kuma shekara 35 ne ko cika shekara 60 da haihuwa. Kurtu da wuya lokaci ya ishe shi. Hanyar sama ta Wudil take bi, Makarantar Horar da Manyan Jami'an 'Yan Sanda da aka buɗe a 1988, wadda yanzu take ba da digiri, a yi shekara biyar a fito da anini. Ana ɗaukar 'yan shekara 17 zuwa 22, ta hanyar JAMB, kuma sai an zaɓi makarantar a fom, sannan a yi nata gwajin da tantancewa. Malaman makarantun 'yan mata da ke taya ɗalibai cike JAMB su ne ya kamata su san wannan, don a teburinsu ake zaɓen. Yarinyar da ta fito Wudil a 2025, in aka bi wancan lissafin, sai wajen 2058 za a fara ambaton sunanta a kan kujerar.